Sunan Ɗan Fari a Wayar Sojoji

Ranar da sojoji suka kafa doguwar eriya a bakin fadamar Liba, kowa ya kama gabansa, ban da Iyatu. Ita kam ta tsaya a tsakiyar komayen albasarta ta riƙe ƙugu, domin tayar motarsu ta kusa taka mata kunya biyu, kuma ba a haifi mai kakin da zai taka mata albasa ta yi shiru ba.

Babbansu a wurin, Sajan Murtala, mutumin Jega ne, don haka ya san yadda ake sanyaya tsohuwa. Ya rusuna ya gaishe ta, ya faɗa mata garinsu, ya yi mata bayani cewa gwaji suke yi na sabon sabis ɗin 5G, nasu na soja kaɗai, wanda zai haɗa na daji da na cikin jirgin ruwa har su ga juna a allo. Har sunan jirgin da suke gwajin da shi ya faɗa mata.

Iyatu ta saki ƙugu. Ɗanta na fari sojan ruwa ne, kuma wata takwas ke nan jirginsu yana teku, ba waya ba labari. Kewarsa ta hana ta jin daɗin tuwo, amma ko mijinta ba ta taɓa gaya wa ba.

"Akwai wani yaro ga jirgin wanga da kuka kira," in ji ta, tana kallon ƙasa.

Sajan ya tambayi ogansu ta rediyo, aka ce ai dama ana neman wanda za a gwada hoton da shi, a ba ta minti biyu kafin a naɗe kaya.

"Inna, mi as sunanai?"

Nan fa aka yi cirko-cirko. Shekara ashirin da shida Iyatu ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba. Ko wani yaron gari mai irin sunan, "mai sunan wancan" take ce masa. Ga na'urar da ke kai magana teku kafin ƙiftawar ido, an rasa kalma ɗaya da za a ba ta.

"Dogo na," ta ce. "Shina da tabon lauje ga ƙahwa."

"Inna, mutum ɗari da wani abu ag ga jirgin. Ba mu iya sa su tuɓe takalma."

"To ɗan Kalilu na," ta faɗi sunan mijinta da kyar.

Sajan ya duba, ya tarar da masu uba Kalilu har huɗu a jirgin. Ya share gumi, sai ya tuna tasa uwar a Jega, wadda har yau "kai" take ce wa yayansa. Ya gyara tsayuwa ya fara karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya.

"Usama?"

"A'a."

"Hafizu?"

"Allah shi raya, ba nawa ba na."

"Nuraddeen?"

Iyatu ta duƙa ta shiga cire ciyawa a wurin da babu ciyawa ko ɗaya. Sajan ya danna sunan.

Allon ya yi haske, sai ga Nuraddeen cikin farin kaki, hoton tangaran har ana ganin gumin goshinsa. "Inna!" ya ce, da ƙarfin da ya sa tantabaru suka tashi.

Iyatu ta juya masa ƙeya tsaf, ta fuskanci motar sojoji.

"Sajan, ce mai ya rame."

"Inna, shina jin ki."

"Ba da kai nike ba? Ce mai ya rame. Ba su ba su abinci?"

Sajan ya rasa ta ina ta ga ramar, sai da ya lura idonta yana kan madubin gefen motar, inda allon ya fito dukansa. Ya danne dariya, ya isar da saƙon da mai shi ya riga ya ji. Haka aka ci minti ɗaya da rabi: a gaya masa albasa ta yi kyau bana, a gaya masa akuyarsa ta haifi biyu, a tambaye shi ko ruwan yana barinsa ya yi salla a tsaye. Nuraddeen yana amsawa yana dariya, har dariyar ta fara rawa.

"Saura daƙiƙa goma," in ji Sajan a hankali.

"Inna," Nuraddeen ya ce, "don Allah ki dube ni. Ban san randa muka dawowa ba."

Iyatu ta juyo. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun yana goye.

"Nura," ta ce, "ka dawo mani."

Allon ya ɗauke. Sajan ya duƙa ya shiga naɗe wata waya da ta riga ta naɗu. Iyatu ta goge fuska da gefen mayafi.

"In nij ji maganar ga bakin wani Liba," ta ce wa Sajan, "har Jega nika iske uwarka."