Tankin da Ya Hau Teku

Shekara ashirin da bakwai Abdulghani ya yi yana ƙera tankin ruwa na faiba a Madinar Masana'antu ta Jidda, kuma ba a taɓa dawo masa da tanki an ce yana yoyo ba. Sirrin kuwa ba ɓoyayye ba ne: shimfiɗa shida. A shimfiɗa zaren faiba, a shafe shi da danƙo, a bari ya bushe, a sake, har sau shida. Duk wanda ya tsaya a huɗu, a wurin Abdulghani macuci ne, ko da shi ke limanci a unguwarsu.

Wata rana Nayef, wani matashi mai koya wa mutane hawan igiyar ruwa a arewacin Obhur, ya kawo masa allonsa da ya tsage a gyara. Abdulghani ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya miƙa wa Muntaka, mutumin Gumel da suka shekara goma sha ɗaya suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Su biyun suka yi ittifaƙi cewa wannan ɓawon ƙwai ne, wanda ya ƙera shi ba ya tsoron Allah. Suka gyara masa, sannan suka ɗaura niyyar ƙera nasu yadda ya kamata.

Wata biyu suna kansa bayan an tashi aiki. Kafin shimfiɗa ta shida suka rubuta sunayensu a jikin allon, kamar yadda suke yi wa kowane tanki, danƙo ya rufe rubutun. Ana cikin haka kafilin Muntaka, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ce ba zai sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba. Jirginsa na komawa gida ranar Asabar, tafiyar da ba dawowa. Muntaka bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ya roƙa, ya ga allon nan a kan ruwa da mutum tsaye a kai kafin ya tafi. Abdulghani ya yi masa alkawari, alhali Juma'a uku ya yi yana koyo a kan allon soso na Nayef, kuma a duk ukun ruwan gishiri kawai ya sha.

Tekun Jidda kuwa bai san alkawarin kowa ba. Yawancin shekara kwance yake kamar ruwa a faranti, sai iskar arewa ta wuni ta kwana tana kaɗawa da sanyi sannan ya motsa. Har Laraba shiru. Abdulghani ya kasa cin abincin kirki, baƙin ciki ya cika shi. Ranar Alhamis ledoji suka fara tashi a tsakar masana'anta, Nayef ya aiko da saƙo: gobe bayan asuba.

Gaɓar da Nayef ke koyarwa wurin 'yan koyo ne na gaske. Ƙasanta yashi ne zalla, babu duwatsun murjani masu yanka ƙafa, kuma mutum zai yi nisa ruwa bai wuce ƙugunsa ba. Ran nan igiyar ta kai cibiya, tana karyewa a hankali, sai dai iskar ba ta kwanta ba, ta yamutsa fuskar ruwan.

Abdulghani da Muntaka suka sauke allon daga mota suna nishi. Nayef ya gwada ɗaga gefe ɗaya, ya saki.

"Ya ammi, baffana, wannan allo ne ko khazzan, tankin ruwa? Shimfiɗa nawa kuka yi?"

"Shida," in ji Abdulghani. Ya ma yi mamakin tambayar.

Nayef ya ce biyu ake yi, 'yan koyo da ke wurin suka tuntsire da dariya. Abdulghani ya ji kunya har cikin ƙashinsa, amma ya ja kayansa ya shiga ruwa.

Allon bai nutse ba, wannan kam. Tafiya ce ya ƙi yi. Igiya ta zo, Abdulghani ya yi ta tuƙi da hannu, ta wuce ta ƙarƙashinsa ta bar shi nan. Sau tara. Kafaɗunsa suka mutu, rana ta ɗaga, igiyoyin suka fara raguwa. Nayef ya ce abin da ya rage bai fi rabin sa'a ba.

Muntaka, wanda tun da ya zo Jidda bai taɓa barin teku ya wuce idon sawunsa ba, ya tuɓe takalmi ya shigo da rigarsa da wandonsa, fuskarsa duk tsoro. Ya kama gindin allon da hannu biyu, ya kafa ƙafa a yashi.

"Yaya, wannan tanki ne. Tanki kuwa ba ya hawa mota sai an tura."

Igiya ta taso a bayansu. Suka ƙirga yadda suke ƙirgawa a bakin babbar mota, ɗaya, biyu, bismillah, Muntaka ya tura da duk ƙarfin shekara goma sha ɗaya, ya kifa da fuska cikin ruwa.

Da abin ya tashi, sai ya ƙi tsayawa. Yamutsin da ke watsar da allunan soso hagu da dama bai sa shi ko gezau ba, nauyinsa ya danne ruwan ya miƙe sambal. Abdulghani ya durƙusa, ya ɗaga gwiwa, ya ga allon ko rawa ba ya yi. Ya miƙe. Mutum mai shekara hamsin da biyu da tumbinsa, hannuwa a buɗe, ya ratsa tsakiyar masu dariyar nan har allon ya caki yashi. Nayef ya bi shi da gudu yana tafi, yana cewa yalla, maza a sake.

Abdulghani bai ji shi ba. Ya waiwaya yana neman Muntaka, ya hango shi tsaye a ruwa har ƙirji, hula ta tafi, yana tari yana dariya. Daɗi ya kama Abdulghani har ya ji hawaye.

Da suka jawo allon gaɓa, Muntaka ya share yashin da ya rufe sunayen da tafin hannunsa. Nayef ya roƙi a bar masa shi a nan saboda 'yan koyo masu jiki.

"Halas, shi ke nan, a bar shi," in ji Muntaka, hannunsa a kan sunansa. "Ni gobe na tafi. Amma duk ranar da iskar arewa ta taso, Yaya, ka shigar da ni ruwa."