Rabin Ƙwayar Hinde

A Fakku, kalmar maneji ta zauna a bakin mutane tun kafin su san cewa daga Turanci ta zo. Mai faci yakan faɗe ta idan ya liƙe tayar da ta cancanci a jefar. Mata sukan faɗe ta idan baƙi sun sauka, aka ƙara wa miya ruwa. Malam Attahiru, manomin gero, ya ɗauke ta a matsayin ƙanwar haƙuri, kuma da ita ya riƙe gidansa.

Da damina ta faɗi, matarsa Hinde, wadda ta daɗe da ciwon suga, ta taka kututturen kara, ƙafar kuma ta ƙi warkewa. Ya ɗauke ta a babur zuwa Kebbe. Ma'aikacin lafiya ya wanke ciwon, ya ba su ƙwayoyi, ya ce ta sha yadda ya tsara har su ƙare, sa'an nan su dawo.

Ruwa ya ɓata hanya, ga noma ya kankama. Hinde da kanta ta kawo shawara.

"Malam, miƙo min wuƙa. In munka raba kowace biyu, sai su kai mu kaka."

"Anya? Likita bai ce haka ba."

"Likita shina da gona? Kai da kaka raba buhun taki guda ga gona ukku, yau kaka jin tsoron rabo? Mu yi maneji."

Ya yi dariya, ya miƙa mata. Kowace safiya takan ɗora ƙwaya a kan faifai, ta tsaga ta, ta haɗiye rabi, ta mayar da rabi cikin gwangwani. Zafin ya lafa na ɗan lokaci. Daga baya ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi, har Hinde ta fara kunna turare kafin kowa ya shigo ɗakinta.

A haka ɗansu Nasiruddeen, malamin Turanci a Tambuwal, ya zo gaisuwa, ya buɗe gwangwanin.

"Inna, mi na wanga?"

"Maneji na, ɗan boko."

"Inna, kalmar ga ni nika koya ma yara ita. Ana faɗinta ga wanda ka tafiyar da aiki bisa tsari, ana faɗinta ga wanda ya sha wuya amma ya kai gaci. Har ƙarin ruwan miya ta ɗauka. Amma ba a yin ta da magani."

"To, masu kalmar suna da kyamis ƙofar gida," in ji ta.

Nasiruddeen ya rufe gwangwanin. Washegari ya nemo mota, suka tafi Tambuwal su uku.

Likitar da ta duba ta ba ta yi faɗa ba. Ta ce ciwon ya shiga ƙashi, sai an je Sakkwato an cire ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma ko hakan ba ta da tabbacin zai tsayar da shi.

Malam Attahiru ya sunkuyar da kai. "'Yata, ko a cire yatsun kaɗai, a bar mata sauran?"

"Baba, da kun zo farkon damina, da ko yatsa ba a taɓa ba."

A tasha motocin Sakkwato suna lodi a gefe guda, na Kebbe a ɗaya gefen. Nasiruddeen ya durƙusa gaban uwarsa, ya roƙe ta da girman Allah.

"Tashi, mutane na kallo," ta ce. "A yanke ni, kuma ba tabbas? Yadda Allah Ya halicce ni, haka nika son a wanke ni. Malam, na ji ka yi shiru."

Malam Attahiru ya matso kusa da ita. Ya kama hannunta, ta dogara da kafaɗarsa, suka nufi motar Kebbe tana jan ƙafar a ƙasa.