Tudun da Malam Ya Ƙara

Injin gasa samfuri na ɗakin gwajin ya tsufa, kuma ba ya son gaggawa. Ana zuba masa ɗan garin haɗin ƙarfe a wani ƙaramin kofi, yana ɗumama shi yana auna nauyinsa, yana zana layi a kwamfuta. Ruwa ya fara fita, sannan sinadarin da ke riƙe da ƙarfen ya ƙone, nauyi ya yi ta sauka.

Ɗalibar Malam, wadda ake kira 'Yar Shuɗi saboda launin haɗin jan ƙarfen da ba ya barin farcenta, ta yi watanni kafin ta sami garin da bai cika cokali ba. Ta kasa shi, ta gasa kowane kashi da saurin wuta daban, don ta haka ake lissafa ƙarfin da rushewar ke buƙata. Saura kashi na ƙarshe, mai tafiyar hawainiya, wanda ke cin yini. Da shi za ta rufe digirinta.

Ranar da ta sa shi a wuta aka kira ta daga makarantar ɗanta, wai ya faɗi a filin wasa. Malam ya ce ta je, shi zai zauna, tunda ba a barin injin ba kowa da iskar gas a buɗe.

Ya zauna kuwa, har matarsa ta bugo waya cewa surukarsa ta gaji da jira a tasha. Malam mutum ne da ke yi wa ɗalibai huɗuba kan haƙuri har su yi hamma. Shi ne ya miƙa yatsa ya ƙara wa wutar sauri don ya gama ya tafi, ya ce a ransa ai an wuce wurin da ke da muhimmanci.

Ashe ba a wuce ba. Da safe ya tarar da ita gaban kwamfuta, fuskarta kamar an yi mata kyautar mota. Layin ya yi wani tudu da babu shi a sauran. Ta ce wani sabon mataki ne na rushewa da sai a wuta mai sanyi yake bayyana, har ta fara sake tsara babin ƙarshe na kundin digirinta a kansa. Ta yi ta godiya, ta ce ba kowane malami ne zai ba ɗaliba yininsa ba.

Kunya ta kama shi. Ya san daidai inda tudun ya fara, nan yatsansa ya sauka. In ya yi shiru, masu jarrabawa daga waje za su tambaye ta, ita kaɗai a tsaye. Ya yi gyaran murya, ya goge tabarau, ya tambayi lafiyar yaron. Ta ce targaɗe ne kawai.

"'Yata," ya ce, "wannan tudun ba na garinki ba ne. Ni na ƙara wuta. Sauri nake yi."

Ta daɗe tana kallon layin. Ya so ta yi faɗa, ko da zagi ne, amma ba ta yi ba. Ta ɗauko kwalbar garin, ta juya ta a tafin hannu, ko ƙura ba ta faɗo ba.

Ya ce zai nemo mata kayan haɗi, zai roƙa a ƙara mata lokaci, in gari ya samu kuma shi zai...

"A'a, Malam," ta ce a hankali. "Na gode. Wannan karon da kaina zan zauna."