Ba a Bin Wanda Ya Faɗa Rami

Mu mutanen kan dutse a jihar Michoacán cikin warin ruɓaɓɓen ƙwai aka haife mu, cikinsa kuma za a binne mu. Baƙo ne ke toshe hanci. Tun da kamfani ya haƙa rijiyoyinsa yana jan tururin dutsen yana mayar da shi wutar lantarki, rabin mazan ƙauyenmu can suke aiki, har da mijina Crisanto da yayana Eusebio. Su biyun ba sa rabuwa, ba sa kuma barin juna su sha ruwa, kullum cikin tsokana.

Ranar na kai musu abincin rana kamar yadda na saba, tortiya, wato wainar masara, da wake da barkono a kwando. Na tarar da Crisanto a bakin ramin siminti da ke kewaye da kan rijiyar, yana ɗaure hular kwanonsa.

"Genoveva, ajiye a inuwa," ya ce. "Wani noti ne ya saki a ƙasa, in ɗaure shi in fito. Kada ki bari wannan acicin yayan naki ya taɓa min wake."

"Kai dai sauka, malalaci," in ji Yaya Eusebio. "Ƙanwata ta yi asarar miji, ba abin da ya sani sai ciki."

Crisanto ya sauka yana dariya. Na zauna kan dutse ina kwance bakin kwando, sai na ji iska ta yi daɗi. Warin ya ɗauke ɗif. Babu wanda bai san ma'anar wannan ba a ƙauyenmu: idan gubar da ke biyo tururin ta yi yawa, hanci take fara kashewa. Kafin in buɗe baki, 'yar na'urar gano guba da ke ƙirjin Yaya ta fara tsuwa, sannan na ji sifana ta faɗi kan siminti.

Na leƙa. Crisanto na kife a gindin tsani, ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Ramin bai fi tsayin mutum biyu ba. Har facin da na yi masa a bayan riga ina gani.

Ban san lokacin da na kama tsanin ba. Yaya ya finciko ni ta ƙugu, ya ja ni kamar buhun masara zuwa kan tudu, ta wajen da iska ke tasowa, yana ihu cikin oba-oba a kawo ɗauki.

Doka ce da kowane ma'aikaci ke rantsuwa a kanta ranar da ya fara aiki: wanda ya faɗa rami ba a bin sa. Gubar nauyi gare ta, ƙasa take kwanciya, wanda ya sauka ɗauko ɗan'uwansa a kansa zai zube. Sai dai a jira masu tukwanen iska a baya. Na sha jin dokar a bakin Crisanto yana tauna, ina gyaɗa kai ina cewa gaskiya ne. Ashe gyaɗa kai ba shi da wuya.

"Sake ni, Yaya! Numfashi ɗaya zan riƙe in jawo shi!"

"Ki jawo wa? Wannan ƙaton? Zauna, na ce!"

"To kai ka shiga mana! Ba abokinka ba ne? Matsoraci kawai! Da kai ne a ciki, da tuni ya dira!"

"Da kuwa na tsine masa," ya ce. "Zage ni, Geno, zage ni son ranki. Ba zan kai wa 'ya'yanki gawa biyu ba."

Na cije shi a hannu har na ji gishirin jini a bakina. Bai sake ni ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan jiran ba. Jiniya na ta kuka, bututu na ta gurnani kamar ba abin da ya faru, ni kuwa idona na kan ƙarshen tsanin da ya leƙo bakin ramin, ko zai motsa. Duk numfashin da na ja sai in ji kamar na sace masa ne. Ina son kiran Maryamu uwar Yesu, addu'ar ta ɓace min a ka, sai sunan mijina nake ta maimaitawa. Hawayen Yaya na zuba a wuyana. A nan na gane ba ni kaɗai yake riƙewa ba. Da ya sake ni, shi zai riga ni isa tsanin.

Da motar masu ɗauki ta iso, mutum biyu suka sauka da tukwane a baya, fuskokinsu a rufe. Suka ɗaure shi da igiya aka jawo shi sama, kansa na lilo, leɓunansa sun yi shuɗi. Suka kifa masa abin shaƙar iska. Ɗayansu ya kara kunne a ƙirjinsa ya daɗe. Can ya ɗaga hannu.

"Yana jan numfashi! Kaɗan-kaɗan, amma yana ja!"

Sai washegari da rana ya farka, a asibitin birni. Ina gefen gado, Yaya na tsaye a bakin ƙofa da hannu a naɗe cikin bandeji. Crisanto ya dube ni, ya dubi Yaya, ya daɗe yana haɗa abin da ya faru.

"Wa ya sauko?" ya tambaya, murya a dushe.

"Masu tukwane," na ce.

"Kafin su fa?"

Na sunkuyar da kai. Yaya ne ya amsa.

"Ba kowa, suruki."

"Madalla," in ji Crisanto. "Haka ake yi."

Ya juya fuskarsa bango. Na ɗora hannu a kafaɗarsa na ji tana rawa. Bai ture hannun ba, bai kuma juyo ba.