Gidaje Masu Ƙafafu

Shekara huɗu na yi a Kuala Lumpur ina rubuta kundin digiri na uku a kan littafin zane guda ɗaya, Tunau Mai Kwale-kwale, wanda Malam Kalilu ya riƙa fitarwa a Zariya tun ina firamare. Duk wanda ya ce ina son littafin nan ya rage mini. Na sha bulala a aji saboda shi, na haddace shi kamar karatun allo, kuma har yau fitowa talatin da biyun suna nan cikin leda a ɗakina na unguwar Setapak. Ko 'yata Khaulah ba ta isa ta taɓa su ba.

Malamin da ke duba aikina, Dokta Hafiz, mutumin Malesiya ne mai sanyin magana da ban haushi. Kullum in ya karanta babi sai ya cire tabarau ya ce, da "lah" ɗin nan da 'yan Malesiya ke ƙarasa magana da shi, "Maitama, son abin nan ya yi maka yawa lah. Masoyi yabo yake nema, mai nazari tambaya yake yi." Ni kuwa in fito ina ƙunƙuni. Mutumin da bai taɓa jin daɗin Hausar Tunau ba, shi zai koya mini?

Abin da na fi taƙama da shi babi na huɗu ne. A cikin littafin, gidajen ƙauyen su Tunau duk a kan ƙafafu suke tsaye, sai an hau tsani ake shiga. Na cika shafi arba'in ina bayanin cewa Malam Kalilu rumbu ya ɗauka ya mai da shi ɗakin kwana, don ya nuna ran talaka a kan hatsinsa yake. Ranar da na gama babin har rawa na taka.

Saura kwana goma in miƙa kundin, na raka matata Hureira unguwar Brickfields sayen kayan yaji. Ruwa ya ɓarke da azahar, muka fake a kantin tsofaffin littattafai na wani Ba'indiye. Hureira, wadda ke kiran aikina "karatun littafin yara", ta zaro wata tsohuwar mujalla tana fifita da ita. Can ta tsaya.

"Baban Khaulah, wannan ba Tunau ɗinka ba ne?"

Na karɓa. Shi ne. Kwale-kwalen, tabon goshin, har yadda yake riƙe gora. Sai dai maganar bakinsa da yaren Malay take, kuma shekarar da ke jikin bangon ta girmi fitowar Malam ta farko da shekara biyar. Ga gidajen nan reras a bakin ruwa, kowanne da ƙafafunsa.

"Ai irin gidajen unguwar Kampung Baru ne," in ji Hureira, "inda muke zuwa makan, cin abincin nan, ranar Juma'a. Ni na ɗauka ka sani."

Na daka mata tsawa a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Ba ita ta yi mini laifi ba. Shekara huɗu ina wuce gidajen nan, ina cin shinkafa a inuwarsu, ban taɓa haɗa su da na littafin ba. So hana ganin laifi, ni har ganin gida ya hana ni.

Na sayi mujallar na cusa ta ƙasan akwati. Wa zai sani? Masu jarrabawa ba su san Zariya ba, mutanen Zariya ba su san Brickfields ba. In na yi shiru, kundina ya tsira, sunan Malam ma ya tsira. Malam ɗin da na yi wata uku a zaurensa ina yi masa tambayoyi, ya ba ni zanensa na hannu, ba ya kirana da komai sai "ɗana".

"To ka ɓoye mana, boleh, ai kana iyawa," in ji Hureira tana yanka albasa. "Amma dai ni na gani, kai ma ka gani."

Washegari da yamma, lokacin hantsi ne a gida, na kira Malam. Idonsa ya mutu, 'yarsa Sauda ce ke kara masa waya a kunne. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa.

"Ɗana, a maɗaba'ar da na yi aiki, wasu ƙarafan inji aka kawo mana daga waje, a naɗe cikin takardun nan. Na ware su na goge da dutsen guga. Ban san me mutanen ciki ke cewa ba. Fuskokinsu na duba, na sa musu magana a baki. Fitowa takwas na kwafa, daga nan hannuna ya faɗa, na ci gaba da kaina."

"Gidajen fa, Malam?"

"Kyau suka yi mini. Da ka zo da zancen rumbu, na ga kana murna, sai na ƙyale ka." Ya yi tari. "Abu ɗaya nake roƙonka. Jikokina da littafin nan ake nuna su a unguwa. Ka bari sai ƙasa ta rufe idona."

Na yi masa sallama ba tare da alkawari ba. Kwana uku ina juya maganar. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na fi jin kunyar kaina. A rana ta huɗu na ɗauki mujallar na kai wa Dokta Hafiz. Bai ce "ai na faɗa maka" ba, da ma ya ce da na samu wanda zan huce a kansa. Ya karanta mini ita. Ashe a can asali mutumin ɗan fashin kogi ne, azzalumi. Malam ya dubi wannan fuska ya ga mai ceton talakawa.

"Wannan shi ne kundinka," in ji shi. "Amma sai ka jera shafukan biyu gefe da gefe, da shekarunsu. Babu wata hanya."

Na yage babi na huɗu. Na nemi ƙarin wata uku, na rubuta gaskiya, na rubuta ta da duk ladabin da na iya. Na nuna zanen farko aro ne, labarin kuwa na Malam ne tun daga tushe. Na aika wa Sauda ta karanta masa kafin kowa ya gani. Amsa ba ta zo ba.

Ranar da na kare kundin aka ce na ci, ko gida ban isa ba na kira daga tashar jirgin ƙasa. Sauda ta ɗauka, ta gaishe ni a daƙile, ta ce Baba na ji.

"Malam, ni ne, Maitama. An gama. Na ci."

Ina jin numfashinsa, ina jin kaji na kuka a tsakar gidan da na sani.

"Madalla," ya ce. "Allah ya sanya albarka, ranka ya daɗe, Dokta."

Na jira ya ƙara wani abu. Sai muryar Sauda na ji tana cewa Baba zai kwanta.