Manhajar da Ba Ta San Tagwaye Ba

Aikin Mujeeb a kamfanin shi ne neman aibi. Wasu su rubuta manhaja, shi kuma ya bi ta lungu-lungu yana danna abin da ba a ce a danna ba, har sai ta tona asirin kanta. Ya iya aikin, ba laifi. Samarin ofishin nan na unguwar Dungu shakkarsa suke yi, don in ya kama kuskurenka, a taron safe zai faɗa, kowa na tsaye yana ji, ko sassauta murya ba ya yi.

Mutum ɗaya ne bakinsa ke mutuwa a gabansa, wato Usumanu, ƙanin mahaifiyarsa. Usumanu ya daɗe yana gyaran kwamfuta a wani shago a Changli kafin ya koyi rubuta manhaja da furfura a gemu, kuma shi ya kawo Mujeeb kamfanin. Samarin na kiransa Baba a gaban idonsa, a bayansa kuwa jira suke ya yi tuntuɓe su ce dama tsufa da wannan sana'a ba sa jituwa. Mujeeb ya san da haka, ya kuma ƙudura a ransa ba daga bakinsa za su samu abin dariya ba.

A zangon aikin nan suna gina manhajar da za ta riƙa tuna wa iyaye mata ranar rigakafin yaransu. Usumanu ne ya rubuta ɓangaren da ke hana a shigar da yaro ɗaya sau biyu: in uwa ɗaya ce, lambar waya ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, to a share guda. Mujeeb ya gwada da sunaye iri-iri, komai ya tafi daidai. Sai ya tuna da tagwayen yayarsa, ya saka Hasana, ya saka Fuseina. Manhaja ta haɗiye Fuseina ko tari ba ta yi ba.

Da na wani ne, da tuni magana ta kai kunnen kowa. Amma wannan na Kawu ne. Yaro ya miƙe a gaban mutane ya ce ƙanin uwarsa ya yi kuskure? A gidansu ko sunan babba ba a kama wa. Ya yi niyyar rubuta masa saƙo, ya ga ai rubutu ya fi baki rashin kunya.

Sai ya bi hanyar da aka koya masa tun yana ƙarami, ya tafi gidan Kawu a Kanvili gaisuwa da yamma. Ya durƙusa, aka yi ta gaisawa yana amsa "Naa, naa" yadda ake amsa gaisuwar manya a garin, sannan ya shiga zagaye-zagaye.

"Kawu, garin nan tagwaye sun yi yawa paa, ba kaɗan ba."

"Albarka ne," in ji Usumanu. "Na yayarka suna lafiya?"

"Lafiya lau. Sai dai mutum ya gan su, ya ɗauka yaro guda ne."

Usumanu ya yi dariya, ya ce ai shi ma har yau ba ya iya bambance su, ya sa aka kawo tuwo. Mujeeb ya ci tuwon nan kamar yana tauna ƙasa, ya koma gida yana lallashin kansa cewa ai ya faɗa.

Washegari a taron tsaye, Samiratu, wadda ke jan ragamar tawagar, ta nuna katin aikin Usumanu a jikin allo.

"Mujeeb, wannan fa? Ka duba shi?"

Usumanu na tsaye kusa da shi, har kafaɗunsu na gogar juna.

"Ba matsala," in ji Mujeeb.

Ta ɗaga katin ta manna shi a layin abin da aka gama.

Ranar nuna aiki, masu manhajar suka zo da wata ma'aikaciyar jinya mai suna Zalia, don ita da ire-irenta ne za su yi amfani da ita. Aka haska manhajar a bango, Usumanu ya miƙe cikin sabuwar riga ya yi bayanin ɓangarensa, har da ɗan barkwanci. Aka miƙa wa Zalia waya ta gwada da hannunta. Ba mugunta ta nufa ba, yaran da ta yi wa allura da safe kawai ta tuna. Ta saka na fari, ta saka na biyu, ta tsaya tana duba bangon.

"Yaro guda ya ɓace," in ji ta. "Tagwaye ne. In wannan abin muka bi, ɗayan ba ya samun allura kwata-kwata."

Wani daga cikin samarin ya sunkuyar da kai yana danne murmushi, Mujeeb kuwa ya gan shi. Usumanu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce laifinsa ne, bai yi tunanin tagwaye ba. A gaban baƙi ya faɗa. Kunya ta lulluɓe Mujeeb har ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Bayan baƙi sun tafi, Samiratu ta tara su, ta ce ba neman mai laifi ake ba, so take a gane ta ina abin ya zille.

"Mujeeb, ka gwada tagwaye?"

Da ya ce a'a, da an ce sakaci ne, a wuce wurin. Amma ya gaji da kansa.

"Na gwada."

"Ka ga ta share?"

"Na gani."

Usumanu ya daɗe yana kallonsa, ba fushi a fuskarsa, kuma wannan ya fi duka zafi. Can ya juya wajen Samiratu.

"Daga yau a ba ni wani ya riƙa duba aikina," in ji shi a hankali. "Wannan ɗana ne, ba zai iya ba."