Motar Mutari a Garagumsa

A shekarar da Nasara suka kwashe gwamnatinsu daga Damagaram suka mai da ita Yamai, sun bar tarkace da yawa a bayan bariki: gadajen ƙarfe, tukwane masu huji, da wata tsohuwar motar soja da ta durƙusa a kan ƙafa uku, kaji na ƙwai a cikinta. Ranar gwanjo kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi. Mutari, maƙerin Birni, wato tsohon garin Damagaram na cikin ganuwa, shi ya ɗauki motar.

Shanu huɗu suka jawo ta. Lungunan Birni sun yi mata kaɗan, sai aka ajiye ta a bayan ganuwa gindin wata tsamiya, Mutari ya mai da maƙerarsa can. Mutane sun zaci sare ta zai yi ya fitar da fartanya da lauje. Ina! Shi so yake ta tashi.

"Maƙeri, mushe ka saya," in ji abokinsa Kolo, wani Babarbare da ya daɗe yana wanke wa soja motoci har ya iya tuƙi. "Wannan ko ungulu ba ta sauka a kanta."

"To me ya zaunar da kai gindinta tun safe?"

"Inuwa nake sha."

Shekara biyu suka yi suna shan inuwar nan. Mutari ya ƙera mata ƙusoshi da hannunsa. Inda robar ƙafa ta zagwanye ya naɗe da fatar sa. Katakon bayanta ya shafe shi da shuni, ya kafa mata rumfar tabarma, dukawa suka lulluɓe wurin zama da jar fata. Amma abin da ya fi cin ransa muryarta. Kolo ya ce da can in za ta tashi, tari biyu take yi, sannan ta saki gurnani kamar raƙumin da aka yi wa lodi. Mutari ya kwance, ya ɗaura, ya sake kwancewa, har ran da ta yi tarin nan biyu. Kolo ya jefa hularsa sama.

"Ita ce! Wallahi muryarta ce ta da!"

Duk wannan wahala saboda mutum ɗaya Mutari yake yin ta: yayarsa Delu, da ke zaune a Garagumsa. Uwarsu ta rasu yana jinjiri, Delu ce ta goye shi har ƙafafunsa suka fara dukan cinyarta. Yanzu idonta ya dushe, ba ta iya zaman jaki, rabonta da Birni an daɗe. Ya ƙudurta a ransa sai ya ɗauko ta a kan jar fatar nan, kowa na gani.

Bayan kaka Kolo ya samo man fetur garwa uku wajen wani mai kanti, suka kama hanya da sassafe. Sau huɗu yashi yana kama su. Sai wajen la'asar suka hango rumbunan Garagumsa. Mutari ya kaɗe sabuwar rigarsa, ya gyara hula.

"Taka ta sosai, Kolo. Bari su ji mun iso."

Sun kuwa ji. Da motar ta tsaya a dandalin gari, babu mahaluƙi. Ga gero zube a masussuka, ga sanduna a yashe. Taɓarya na cikin turmi. A bakin rijiya igiyar guga tana ta lilo. Can cikin kara Mutari ya hango bayan wasu samari suna gudu a sunkuye.

Kolo ya kashe motar.

Sai ga wata tsohuwa ta fito daga wani zaure tana lalube da sanda. Ta nufo inda ta ji ƙarar, ta durƙusa a cikin rairayi.

"Sannunku da zuwa, ranku ya daɗe. Kun dawo da shi?"

Delu ce. Shekara biyar ke nan da masu ɗibar soja suka zo garin nan suka tafi da Inusa, ɗanta tilo, har yau ko labarinsa babu. Shi kansa Mutari ya zo jaje, ya kwana uku. Da bakinta ta gaya masa cewa a mota aka tafi da shi, motar ta yi tari biyu ta tashi. Ya ji da kunnensa. Amma shekara biyu yana kwance a ƙarƙashin motar nan, ko sau ɗaya abin bai faɗo masa ba.

Ya sauko.

"Yaya, ni ne. Mutari."

Ta shafa fuskarsa, sannan ta miƙa hannu ta shafa jikin motar.

"Kai ma aiki suka ɗauke ka?"

"A'a, Yaya. Tawa ce. Saye na yi, na gyara." Ya kama hannunta. "Don ke."

Ta sake shafa jikin motar.

"Taka ce," ta ce. "To ɗora ni."

Ya ɗaga ta, ba ta fi damin kara nauyi ba. Ta zauna a kan jar fatar, ta gyara mayafi, ta ɗora sandarta a cinya.

"Tunda taka ce, babu mai hana mu. Ta san hanya. Kai ni inda ta kai shi."

Mutari ya dubi Kolo. Kolo ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Inna, bariki kawai take kai su. Daga nan da ƙafa ake wucewa da su. Ban san ina ba."

"Ba kai na tambaya ba, ɗana. Mutari?"

"Yaya, ba ta sani ba. Ƙarfe ce kawai."

"To me ka gyara?"

Sai ta miƙo hannuwa, ya sauko da ita.

"Ku fitar da ita mutane su dawo, tukwane na kan wuta," ta ce. "Amma kada ku tashe ta. Akwai mata masu ciki."

Suka kama turi su biyu. Ƙafafun motar suna nutsewa cikin yashi, taku ɗaya sai sun yi nishi uku. Mutari ya san akwai idanu a cikin karan nan, ƴan uwansa da waɗanda ya ƙera wa fartanya, amma ba wanda ya fito ya sa hannu. Ya dafa katakon, ya tura kansa tsakanin damatsansa, bai ɗago ba har suka wuce rumbun ƙarshe.